Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Mariƙi da Haƙoran Yanka na Injin Milin

Yawancin waɗannan tambayoyi suna fitowa ne daga masu ƙananan wuraren aikin ƙarfe da suka sayi injin milin ɗan gwanjo, wato injin da ke sassaƙa ƙarfe da wuƙa mai juyawa, aka sauke musu shi ba takarda ba kayan aiki, sannan suka shiga kasuwa neman abin da za su ɗaura masa. Domin mu fahimci juna, sifindil shi ne sandar da ke juyawa a kan injin, mai rami a bakinta. Mariƙi shi ne ƙarfen da ke shiga ramin ya riƙe wuƙa. Jikin wuƙa shi ne ƙarfe mai gurabe a kewayensa. Haƙori kuwa shi ne ɗan guntun kabayid, wani abu mai tsananin tauri, da ake ɗaurewa cikin gurbi, wanda shi ne yake cin ƙarfe.

Daga ina ake fara zaɓe, daga haƙori ko daga inji?

Daga inji ake farawa, a sauko ƙasa daki-daki. Ramin sifindil ne yake yanke hukuncin irin mariƙin da za a saya, mariƙi ya yanke na jikin wuƙa, gurbin jikin wuƙa ya yanke na siffar haƙori, sai a ƙarshe irin ƙarfen da za a sassaƙa ya nuna ajin kabayid ɗin. Wanda ya fara da sayen kwalin haƙora don ya same su da araha, yakan ƙare da sayen jikin wuƙa saboda haƙoran, da sayen mariƙi saboda jikin wuƙar, daga baya ya tarar mariƙin ba na injinsa ba ne. A kowace gaɓa akwai abin da zai shiga amma bai dace ba, kuma irin wannan ya fi wanda ya ƙi shiga haɗari, domin wanda ya ƙi shiga a kan tebur zai tsaya, ba zai kai ga juyawa ba.

Yaya zan gane irin ramin sifindil ɗin injina idan babu takardarsa?

A auna faɗin bakin ramin da ma'aunin baniya, sannan a zare sandar ja, wato doguwar sandar da ke ratsa sifindil daga sama tana jan mariƙi, a duba tiredin, wato murɗaɗɗen layin ɗauri irin na sukuru, da ke ƙarshenta. Ramukan duka siffar mazurari gare su, amma iyali uku ne aka fi cin karo da su. Na farko shi ne Morse, wanda ya samo asali a Amurka tun 1864, kuma ƙananan injuna ne suka fi amfani da shi: MT2 yana da faɗin milimita 17.78 a babban gefe, MT3 yana da 23.83, MT4 kuma 31.27. Tsukewarsa kaɗan ce, shi ya sa yake kama kansa da kansa, har sai an ɗan buga sandar ja kafin ya saki. Na biyu shi ne R8 na injunan Bridgeport da dukan waɗanda aka kwaikwaya daga gare su, mai faɗin milimita 31.75 a baki, da tsagi a tsawon mariƙin, da tiredin inci 7/16-20. Na uku shi ne iyalin 7/24, wanda mazurarinsa ya fi buɗewa kuma ba ya kama kansa: lamba 30 tana da milimita 31.75, lamba 40 tana da 44.45, lamba 50 tana da 69.85.

Mai lura zai ga cewa R8 da lamba 30 bakinsu ɗaya ne, MT4 kuma rabin milimita kawai ya raba shi da su, don haka awon baki shi kaɗai ba ya wadatarwa. A leƙa cikin ramin da tocila. R8 yana da gajeren mazurari a baki sai miƙaƙƙen rami ya biyo baya, galibi da ɗan fil a ciki. Lamba 30 tana da maƙallai biyu a fuskar sifindil waɗanda ke shiga tsagin kafaɗar mariƙi. Morse kuwa santsi ne tun daga baki har ciki.

Na ga BT40 da CAT40 da SK40 da NT40 duk suna shiga rami ɗaya. Me ya sa ake cewa kada a musanya su?

Mazurarinsu ɗaya ne, amma kafaɗa da wutsiya sun bambanta. BT tsarin Japan ne, CAT tsarin Amurka ne da kamfanin Caterpillar ya fito da shi, SK na Jamus ne a ƙarƙashin ma'aunin ƙasarsu mai lamba DIN 69871, NT kuma shi ne tsohon tsari na injunan da ake canza wa wuƙa da hannu, wanda Jamusawa suka rubuta a DIN 2080. A injin CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, hannun da ke canza wuƙa yana kama mariƙi ne ta kwarin da ke kafaɗarsa, kuma kaurin kafaɗar da wurin kwarin ba ɗaya ba ne tsakanin BT da CAT, saboda haka hannun zai iya kama shi a karkace ko ya sake shi a tsakiyar canji. A tsohon inji kuma matsalar a wutsiya take: NT40 yana da ƙarin miƙaƙƙen wuya a bayan mazurari wanda BT40 ba shi da shi, sai a saka BT40 a ga sandar ja ba ta kai ba, ko ta kama tiredi biyu kawai.

Tiredin ma wani tarko ne. BT40 da SK40 suna da M16, CAT40 yana da 5/8-11, NT40 kuwa ana samunsa da kowanne, gwargwadon ƙasar da aka ƙera shi. Kaurin 5/8 na inci milimita 15.875 ne, wanda ido ba zai raba shi da 16 ba, amma tazarar tiredinsa milimita 2.31 ce, ta M16 kuma 2. Sandar za ta shiga zagaye biyu cikin sauƙi sannan ta cije, kuma a nan ne yaron shago mai ƙarfi yake ɗauko sufana ya ƙarasa ta da tsiya, a yi asarar sanda da mariƙi gaba ɗaya. Ƙa'idar ita ce sandar ja ta shiga da yatsu har ƙarshe kafin sufana ta taɓa ta. Tunda injunan da ke shigo mana gwanjo daga Turai da Amurka da Asiya suke a cakuɗe, ba abin mamaki ba ne a tarar da injuna biyu masu lamba 40 a shago ɗaya kowanne da tiredinsa.

Maɓallin ja da ake ɗaurawa a bayan mariƙin CNC, kowanne zai yi?

A'a. Ko a cikin BT40 kaɗai akwai mai kafaɗar digiri 45, da mai 60, da mai 90, akwai kuma mai huda don ruwan sanyaya ya ratsa, kuma mai ƙera injin ne yake faɗin wanda faratan sifindil ɗinsa ke kamawa. Idan babu takarda, a cire ɗaya daga mariƙin da ya zo tare da injin a kai shi a gwada ido da ido. Wannan ɗan ƙarfe shi kaɗai ne ke riƙe da mariƙi yayin da yake juyi dubbai a minti guda, don haka ba wurin neman araha ba ne, kuma ba abin da ake sassaƙawa a shago ba ne.

HSK da Capto fa?

HSK tsarin Jamus ne mai gajeren mazurari na 1:10 kuma mai rami a ciki, yana zama a kan mazurari da fuska lokaci guda, shi ya sa ya dace da gudu mai yawa. Capto na kamfanin Sandvik Coromant ne na Suwidin, mazurarinsa ba zagayayye ba ne, kusurwa uku gare shi masu lanƙwasa. Babu ɗayansu da zai shiga ramin 7/24.

Wane irin mariƙi ya fi dacewa da wuƙa mai miƙaƙƙiyar ƙota?

Ga mai inji ɗaya da ayyuka iri-iri, mariƙin kwalet na ER, wato mai ɗan tsagaggen zoben ƙarfe da noti ke matsewa ya kama ƙotar wuƙa, shi ne farkon abin saye, domin mariƙi guda da jerin kwalet zai kama ƙota masu kauri dabam-dabam. Kamfanin Rego-Fix na Suwizalan ne ya ƙirƙiro shi, daga baya ya zama ma'auni na kowa, har kwalet ɗin wannan kamfani yake shiga mariƙin wancan. ER16 yana kamawa har milimita 10, ER25 har 16, ER32 har 20, ER40 har 26. Kowane kwalet yana matsewa da kimanin milimita ɗaya ne kawai, ke nan ƙota mai rabin inci, wadda take milimita 12.7, kwalet mai 13 zuwa 12 take bukata, ba a cusa ta cikin mai 12 zuwa 11. Kuskuren da na fi gani shi ne a jefa kwalet cikin mariƙi sannan a ɗaura noti a kansa. Ana fara karkata kwalet ne a cusa shi cikin notin har zoben ciki ya kama kwarinsa ya yi ƙas, fuskarsa ta yi daidai da fuskar noti, kana a ɗaura su tare. In ba haka ba wuƙa za ta riƙa rangaji, kuma kwalet ɗin zai lalace. Ƙotar ta shiga aƙalla kashi biyu cikin uku na tsawon kwalet.

Idan yanka mai nauyi ne, mariƙi mai sukurun gefe, wanda ake kira Weldon, ya fi aminci, domin sukurun yana zama a kan shafaffen gefen ƙota ya hana wuƙa zamewa ƙasa. Sai dai kauri ɗaya tak yake karɓa, kuma mariƙin rabin inci zai haɗiye ƙotar milimita 12 ya bar rata, sukurun ya ture ta gefe guda. Masu kamawa da matsin mai ko da zafi sun fi kowanne daidaito, amma kuɗinsu ba ya dawowa a kan tsohon injin da sifindil ɗinsa ma yake rangaji.

Zan iya riƙe wuƙar milin da cok ɗin huda?

Ba a yi. An yi cok, wato bakin da ke kama abin huda ƙarfe, ne don nauyin da ke turowa daga ƙasa kai tsaye, yankan milin kuwa daga gefe yake bugu, kuma cok yana zaune ne a kan ɗan mazurarin da ba abin da ke jansa. Yana iya kwancewa ya faɗo da wuƙar tana juyawa.

Yaya ake haɗa faffaɗan kan wuƙa mai share fuska da mariƙinsa?

Ta ramin tsakiyarsa. A ma'aunin milimita ramukan su ne 16 da 22 da 27 da 32 da 40, kuma a bisa al'ada kai mai faɗin 50 ko 63 yana hawa 22, mai 80 yana hawa 27, mai 100 yana hawa 32. Na Amurka da inci suke, irin su 3/4 da inci ɗaya, don haka kai mai ramin 27 zai zauna a kan mariƙin inci ɗaya, wato 25.4, yana lilo. A duba maƙallai biyu na mariƙin su cika tsagin kan, a kuma tabbatar wuyan mariƙin bai fi zurfin ramin tsawo ba, domin idan ya fi, sukurun tsakiya zai matse wuyan ne ya bar kan wuƙa a sake.

Me haruffa da lambobin da ke jikin kwalin haƙori suke nufi?

Tsari ne na ma'aunin duniya mai lamba ISO 1832, kuma misali ɗaya ya isa a koye shi: APMT 1604 PDER. Harafin farko siffa ce: A mai kusurwa huɗu a karkace na digiri 85, S murabba'i, T mai kusurwa uku, R zagayayye, O mai gefe takwas. Na biyu kusurwar kauce ce, wato zamiyar da ke ƙarƙashin kaifi don kada haƙori ya goga aiki: N sifili, C digiri 7, P digiri 11, D digiri 15, E digiri 20. Na uku yana nuna tsananin daidaiton awo, inda M yake na wanda aka matsa a ma'auni aka gasa kawai, G da H kuma na waɗanda aka wasa. Na huɗu yana bayanin rami da fuskar haƙori: T na nufin rami mai shigar kan sukuru da kwarin karya sassaƙe a fuska ɗaya, W irin ramin amma fuska shafe, N babu rami, sai da matsewa. Lamba 16 tsawon kaifi ne a milimita, 04 kuma kauri ne, amma ba 4 cif ba, 4.76 ne, kamar yadda 03 take 3.18, T3 kuma 3.97, domin daga inci aka juyo su. A cikin PDER, P na nuna kaifin yana yanka a digiri 90, D kauce ce ta ɗan gefen da ke goge fuska, E na nufin an ɗan dakushe kaifin don ƙarfi, R kuma yankan dama. Idan aka ga F a gurbin E, kaifi ne tsantsa irin na alminiyam. Duk abin da ya biyo bayan wannan, sunan aji da na kwarin fuska, yaren kamfani ne, ba na ISO ba.

To me ya sa haƙori mai lamba iri ɗaya ya ƙi zama a gurbin wuƙata?

Saboda a aikin milin tsarin ISO bayani yake yi, ba alkawarin dacewa ba. Faɗin haƙori, lanƙwasar gefensa, girman raminsa da wurin da ramin yake, duk kamfani yana iya sauya su ba tare da lambar ta sauya ba. APMT 1604 na jikin wuƙa ne mai lamba BAP 400R, APMT 1135 na BAP 300R, kuma waɗannan sun cika kasuwa har kamfanoni da yawa suna yin su a kan awo ɗaya. APKT 1604 kuwa ya yi kama da APMT kamar an tsaga kara, amma na wani kamfani ba lallai ya zauna a gurbin wani ba. Da zarar an ga X a cikin haruffan, ko suna irin R390 na Sandvik, a san cewa haƙorin na jikin wuƙar kamfaninsa ne kurum.

Na taɓa karɓar kwali daga wani mai shago da ya rantse mini duk ɗaya ne. Sukuru ya shiga, haƙorin ya matsu, ga ido ba wani aibu. Da na ɗaga wuƙar saitin hasken ƙofa sai na ga siririn haske kamar gashi tsakanin bayan haƙorin da bangon gurbi, wato sukuru kaɗai ke ɗauke da shi. Tun daga ranar nake gwaji kamar haka: a goge gurbi tas, a shafa wa bangonsa da ƙasansa tawadar maka, a ɗaura haƙori a kwance shi. Inda tawadar ta goge nan ne ya zauna, kuma dole ta goge a ƙasa da bango biyu. An ɗan gusar da ramin sukurun gurbi zuwa wajen bango da gangan, domin matsewa ta ja haƙori ya jingina, don haka mai ɗaurawa yakan ji shi yana matsawa ciki a zagayen ƙarshe. Bayan an ɗaura duka, a ɗora agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna ɗan bambancin tsayi, a juya sifindil da hannu, a ga ko wani haƙori ya fi 'yan'uwansa fitowa, domin wanda ya fito shi zai yi aikin kowa ya mutu da wuri. Wanda zai je kasuwa ya tafi da jikin wuƙar a aljihu, ba da hoton kwali a waya ba.

Sukurun haƙori ya lalace. Zan iya sa wani mai tiredi ɗaya?

Ƙasan kan sukurun yana da gangara da ta dace da ramin haƙori, kuma ita ce take jan haƙorin zuwa bango, abin da sukurun kasuwa ba zai yi ba. BAP 300R yana amfani da sukurun M2.5 da makullin Torx, mai baki kamar tauraro, lamba T8, BAP 400R kuma M4 da T15. Makullin Torx da na Torx Plus ba ɗaya ba ne, kuma sa na farko a kan sukurun na biyu shi ke cinye kan sukuru. A ɗan shafa man hana cijewa a tiredin, a matse da ɗan makullin da aka tanada ba tare da an ƙara masa bututu ba, a sayi sukurori na ajiya tun ranar sayen wuƙa.

Yaya zan zaɓi ajin kabayid?

ISO 513 ya raba abin yanka gida shida, kowanne da launinsa a bayan kwali: P shuɗi na ƙarfe, M rawaya na ƙarfe marar tsatsa, K ja na ƙarfen zubi, N kore na alminiyam da tagulla, S ruwan ƙasa na gaurayen da ke jure zafi irin su titaniyam, H toka na ƙarfen da aka taurara. Lambar da ke bin harafi tana da muhimmanci: ƙarama kamar P10 tauri gare ta da jure goguwa amma tana saurin ɓantarewa, babba kamar P30 ko P40 ta fi jure bugu. Tunda haƙorin milin shiga yake yana fita a kowane juyi, kuma tsohon inji ba ya rasa karkarwa, a ganina mai jure bugu ya fi wa yawancinmu amfani, musamman mai siririn rufin kariya da ake kira PVD, wanda ke barin kaifi da kaifinsa. Alminiyam yana son haƙori marar rufi mai sheƙi kamar madubi. Idan aka sa masa na ƙarfe sai ya manne wa kaifin ya bar fuska kaca-kaca.

Injina ƙarami ne. Wane girman wuƙa zai iya ja?

Lissafi ne mai sauƙi. Juyi a minti shi ne gudun yanka sau 1000, a raba da 3.14 sau faɗin wuƙa. Wuƙa mai milimita 50 a kan ƙarfe mai laushi da gudun mita 200 a minti tana bukatar juyi kusan 1270; idan haƙora huɗu ne, kowanne yana cin milimita 0.1, tebur zai yi tafiyar kimanin milimita 500 a minti. Da zurfin milimita 2 da faɗin yanka 35, aikin zai ci fiye da kilowat ɗaya, wato ya kusa ƙure injin da motarsa take kilowat 1.5. Ga irin wannan inji milimita 50 ita ce iyaka mai kyau, da haƙora masu kauce irin P ko E. Masu kaucen N, wato sifili, ana juya su a yi amfani da fuska biyu, sun fi araha a kowane kaifi, amma tura ƙarfe suke yi da ƙarfin tsiya, sai babban inji mai nauyi. Idan share fuska kawai ake so, wuƙa mai digiri 45 da haƙoran SEKT 1204 ta fi mai digiri 90 laushin yanka, domin sassaƙenta ya fi siriri kuma tana mayar da wani ɓangare na nauyin sama ta cikin sifindil. Mai digiri 90 a bar ta don yanke kafaɗa.

Komai ya dace, amma haƙora suna ɓantarewa da wuri. Ina matsalar take?

A fara duba mazurari. Ƙwayar ƙura ɗaya ko ɗan sassaƙe tsakanin mariƙi da rami ya isa ya karkatar da wuƙa, kuma a lokacin hunturu mariƙin da ya kwana a buɗe a kan tebur da maiƙo a jikinsa yana wayar gari da ƙura kamar an barbaɗa masa gari. Da damina kuma tsatsa ce ke cin sa. A goge duka biyun kafin kowace ɗaurawa. Sai a duba tsawon da wuƙa ta fito, domin lanƙwasarta tana ƙaruwa ninki takwas idan tsawon ya ninka sau biyu. Ruwan sanyaya da ake yayyafawa jefi-jefi yana sa kabayid ya yi zafi ya huce a kowane juyi har ya tsattsage a kan kaifi, shi ya sa ƙarfe da ƙarfen zubi suka fi kyau a yanka su a bushe. Cin da ya yi ƙanƙanta ma illa ne, haƙorin goga yake yi maimakon yanka. Idan kuma wuta ta ɗauke wuƙa tana cikin aiki, a janye ta da hannu a duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya kafin a tayar da janareta a ci gaba.

Yaya zan kauce wa jabun haƙora?

Manyan sunaye irin su Sandvik da Mitsubishi da Kennametal da Iscar su aka fi yi wa jabu, kuma alama ta farko ita ce farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na dillalin kamfani. A duba rubutun kwali ko ya yi dishi-dishi, a jera haƙoran goma a kan gilashi a ga ko launin rufinsu da tsayinsu ɗaya ne. Ga mai ƙaramin jari, haƙori na gaskiya daga kamfani mai matsakaicin farashi irin su Korloy na Koriya ko ZCC-CT na Sin ya fi na jabu mai ɗauke da babban suna, domin kwali na biyu zai yi aiki kamar na farko, kuma gudun da aka rubuta a bayansa abin dogaro ne. A sayi kwali ɗaya tukuna, a rubuta yawan aikin da kowane kaifi ya yi kafin ya mutu, sannan a tambayi mai shagon ko zai iya kawo wannan lambar da wannan ajin bayan wata shida.